Ɓera a Cikin Kwalba da Ciwon da Sai Mai Shi Ya Faɗa

Gwajin da mafi yawan labaran "an gano tsiron da ke maganin ciwon damuwa" suka dogara a kansa bai wuce minti 6 ba. Ana samun doguwar kwalbar gilashi mai faɗin baki, a zuba mata ruwa yadda ƙafar ɓera ba za ta taɓa ƙasa ba, sannan a saka ɓeran a ciki. Da farko zai yi ta fafutuka, yana iyo yana yaƙushin gilashi yana neman mafita. Can sai ya lafa, ya bar jikinsa a saman ruwa, ba ya motsi sai ɗan abin da zai hana hancinsa nutsewa. Mai bincike kuwa yana riƙe da agogo, yana ƙirga daƙiƙun da ɓeran ya yi shiru a cikin minti 4 na ƙarshe. Idan ɓerayen da aka ɗura wa ruwan wani ganye sun fi 'yan'uwansu jimawa suna iyo, sai a rubuta cewa ganyen ya nuna alamar aiki irin na maganin damuwa. Daga mujallar kimiyya zuwa jarida, daga jarida zuwa lasifikar mai tallar magani a bakin kasuwa, kalmar "alama" takan faɗi a hanya, sai "magani" kaɗai ya iso.

Roger Porsolt, wani mai bincike a wani kamfanin magunguna a Faransa, shi ya fito da gwajin tare da abokan aikinsa a 1977, kuma ya fassara shirun ɓeran da cewa fid da tsammani ne. Kafin a karɓi wannan fassara, yana da kyau a san abin da ya riga gwajin zuwa duniya. Magungunan damuwa na farko a jikin mutane aka gano su. A 1952 likitocin wani asibitin masu tarin fuka a New York suka lura cewa marasa lafiyar da ake ba wani sabon maganin tari sun warware, suna raha, suna cin abinci kamar ba su ba. A 1957 kuma wani likitan ƙwaƙwalwa a Siwizalan, Roland Kuhn, ya ba da rahoton cewa imifiramin, wanda bai tsinana wa masu taɓin hankali komai ba, yana ɗaga waɗanda damuwa ta danne. Ido da kunnen likita ne suka gano waɗannan, ta hanyar zama da marar lafiya makonni ana tambayarsa yana amsawa. Daga baya ne kamfanoni suka buƙaci rariya mai arha da za su riƙa tankaɗe dubban sinadarai da ita, kuma abin da ya ba gwajin iyo daraja shi ne imifiramin da danginsa suna cinye shi. Wato an saƙa rariyar ne daidai girman ƙwayar da aka riga aka sani. Abin da ya ratsa ta, iyakar abin da za a ce a kansa shi ne ya yi kama da tsofaffin magunguna ta fuska ɗaya.

Ko wannan kamar ma tana da tangarɗa. A jikin mutum, maganin damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga sauƙi. A jikin ɓera kuwa, allura ɗaya rabin sa'a kafin a saka shi a ruwa ta isa ta canza sakamakon. Abu biyu da lokacinsu ya yi hannun riga haka, da wuya a ce tushensu ɗaya. Sannan masana da dama, musamman wasu na Jami'ar Leiden a ƙasar Holan, sun daɗe suna cewa shirun ɓeran dabara ce: dabbar da ta gane babu mafita ta daina ɓarnar ƙarfinta, ta kwanta a kan ruwa tana jira. In haka ne, ɓeran da ya lafa ya fi mai fafutukar wayo, kuma abin da ake aunawa shi ne yadda dabba take tunkarar tashin hankali na ɗan lokaci.

Akwai kuma abubuwan da ke cin gwajin alhali ba wanda zai rubuta wa mai damuwa su. Duk abin da ke zaburar da jiki yana sa ɓera ya ƙara iyo, ciki har da kafeyin, sinadarin da ke cikin goro. Haka nan sinadaran da ke cikin zaƙami, waɗanda ke busar da maƙogwaro su juyar da hankali, an san suna rage shirun ɓera a ruwa. Masu bincike na ƙwarai sukan yi wani gwaji na biyu, su saki ɓeran a cikin akwati mai faɗi su ƙirga yawonsa, don a bambance maganin damuwa da abin da ke sa zumuɗi kawai. Wannan yana rage kuskuren, amma ba ya kawar da shi. Wani abin mamaki ma, a 2022 masu bincike a Jami'ar Maryland ta Amurka sun ruwaito cewa ɓerayensu suna amsa maganin ketamin idan namiji ne ya yi musu allurar, ba sa amsawa idan mace ce, saboda warin jikin namiji yana tayar musu da hankali ta wata hanya dabam. Ma'aunin da hannun mai awo yake karkatar da shi har haka, dole a riƙa karanta sakamakonsa da taka-tsantsan. Hukumomi ma sun fara ja da baya: a 2024 gwamnatin Birtaniya ta ce ba za ta ƙara ba da izinin amfani da gwajin a matsayin kwatancin ciwon damuwar ɗan Adam ba, jihar New South Wales ta Ostareliya kuma ta yi dokar hana shi a shekarar.

Ba gwajin iyo kaɗai ake da shi ba. Akwai na rataye ɓera ta wutsiya, wanda ya fito a 1985, amma shi ɗan'uwan na farko ne a kan tudu. Wanda ya fi kusa da gaskiya shi ne na Paul Willner na 1987, inda ake takura wa ɓeraye da ƙananan matsaloli na makonni, yau a jiƙa musu shimfiɗa, gobe a karkata kejin, jibi a bar musu fitila har safe, har sai sun rage sha'awar ruwan sukari, sannan a duba ko magani zai dawo musu da ita. Wannan ya ɗan taɓo ainihin ciwon, domin gushewar jin daɗi tana daga manyan alamominsa. Sai dai yana cin lokaci da kuɗi, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke iya maimaita sakamakon wani ba. Shi ya sa kwalbar ruwa ta fi farin jini.

Matsalar ta asali tana cikin ciwon kansa. Likita yana gane ciwon damuwa ne daga abin da marar lafiya ya faɗa: ƙuncin da ya kai mako biyu ba ya yayewa, abin da yake so a da ya fita masa a rai, yana ganin kansa ba shi da amfani, yana ɗora wa kansa laifin da bai yi ba, wani lokaci har yana jin gara mutuwa. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da shi. A kwatanta da zazzaɓin cizon sauro. A 1971, lokacin da Tu Youyou da tawagarta a ƙasar Sin suka gwada abin da suka tatso daga wani tsiro dangin tazargade a kan ɓeraye masu ɗauke da ƙwayar maleriya, ɗigon jini a ƙarƙashin madubin ƙara girma ya wadatar: ƙwayoyin cutar suna nan ko sun tafi. Abin da aka ƙirga a jinin ɓera shi ne abin da ake son kashewa a jinin mutum, kuma aikin ya kai ta ga lambar yabo ta Nobel a 2015. Mai binciken damuwa ba shi da wannan gata. Duk ƙwarewarsa, ba zai iya tambayar ɓera ko yana ganin kansa a matsayin nauyi a kan iyalinsa ba.

Kada wannan ya sa a raina tsirrai, domin tarihin magungunan ƙwaƙwalwa ma da saiwa ya fara. A 1952 masana a kamfanin Ciba a Basel suka ware risafin daga saiwar Rauvolfia serpentina, wadda masu maganin gargajiya a Indiya suka daɗe suna ba masu taɓin hankali. A 1960 wani likita ɗan Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a Abeokuta, ya rubuta yadda masu maganin Yarabawa suke amfani da 'yar'uwarta ta Afirka ta Yamma don wannan bukata. Abin lura shi ne risafin, da aka shiga ba masu hawan jini, sai aka riƙa samun rahoton cewa wasunsu suna faɗawa cikin damuwa mai tsanani. Tsiro mai ƙarfin da zai taɓa ƙwaƙwalwa yana iya taɓa ta ta kowane ɓangare.

Tsiron da ya fi kowane tafiya mai nisa a wannan fage shi ne Hypericum perforatum, mai rawayan fure, wanda Turawa suka sa wa sunan Yahaya mai baftisma saboda yana fure ne a daidai bikinsa na 24 ga Yuni. Ya ci gwajin iyo, amma ba a tsaya nan ba, an kai shi ga mutane. A 2008 ƙungiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwajen asibiti ta tace su, ta duba gwaji 29 da suka haɗa marasa lafiya 5,489, ta ce tsiron ya fi ƙwayar bogi wadda ba magani a cikinta, yana kusa da magungunan asibiti a aiki, kuma illolinsa sun fi sauƙi. A nan ma akwai abin da ya hana a yi guɗa. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen da ke magana da Jamusanci, inda likitoci da jama'a suka daɗe da yarda da tsiron, sun fi na sauran wurare kyawun sakamako. Wani babban gwaji a Amurka a 2002, da mutum 340, ya ba da abin da ya kunyata kowa: kusan kashi 32 cikin 100 na waɗanda suka sha ƙwayar bogi sun samu cikakken sauƙi, masu shan tsiron kashi 24, masu shan maganin asibiti kashi 25. Ciwon damuwa yana da wannan hali, kulawa da sa rai da wucewar lokaci sukan ɗaga kusan ɗaya bisa uku na marasa lafiya ko me aka ba su. Saboda haka shaidar "na sha na ji sauƙi" gaskiya ce daga bakin mai ita, amma ba ta isa hujja a kan ganyen ba.

Babban darasin wannan tsiro kuwa daga wata kusurwa ya ɓullo, wadda babu kwalbar ruwan da za ta hango ta. Wani sinadari a cikinsa yana zaburar da hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri fiye da ƙima. A shekarar 2000 likitoci a Zurich suka ba da rahoton mutum biyu da aka yi wa dashen zuciya, waɗanda jikinsu ya fara ƙin sabuwar zuciyar bayan sun soma shan tsiron, domin maganin da ke hana hakan ya ragu a jininsu. A shekarar kuma wani bincike a Amurka ya nuna yana rage wani maganin cutar ƙanjamau a jini da kashi 57 cikin 100. Yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa da maganin tsinka jini, kuma takardar da ke cikin kwalin Coartem, maganin maleriyar da kowane kyamis ya sani, ta hana haɗa su. Wanda ya sha shi tare da magungunan damuwa na zamani yana iya faɗawa cikin rawar jiki da zazzaɓi da ruɗewa. Wannan fa tsiron da ya yi nasara ke nan, wanda aka fi kowane bincika.

Sauran ba su kai nan ba. Za'afaran, wanda malamai suka sani a rubutun sha, ya nuna alheri a ƙananan gwaje-gwajen mutane tun wajajen 2004, miligiram 30 a rana na mako 6, amma akasarinsu a Iran aka yi su, ƙasar da ke noma mafi yawan za'afaran na duniya, kuma gwaje-gwajen farko kowannensu mutum talatin ne ko arba'in. Kurkum ya ci gwajin ɓera ba adadi, alhali kaɗan ne daga sinadarinsa ke ratsa hanjin mutum ya shiga jini. Adalci kuma ya sa a faɗi cewa kamfanonin magunguna ba su tsira ba. A 1998 kamfanin Merck ya ba da sanarwar wani sabon nau'in maganin damuwa da ya yi kyau a dabbobi har da gwajin farko a mutane, a 2003 ya watsar da shi bayan manyan gwaje-gwaje sun gaza. Wani nazari na 2008 ya gano cewa a cikin gwaji 74 na magungunan damuwa, mai karanta mujallu zai ɗauka kashi 94 cikin 100 sun yi nasara, alhali a lissafin hukumar magunguna ta Amurka kashi 51 ne, domin waɗanda suka gaza an bar yawancinsu a aljihun tebur. Idan gwajin mutane da hukuma ke sa wa ido ya yi haka, ina ga gwajin ɓeraye biyar-biyar ko shida-shida da ba wanda ya san an fara shi sai in ya yi kyau?

Wannan magana ta shafi Najeriya kai tsaye, domin sassan nazarin magunguna na jami'o'inta suna cikin masu fitar da irin wannan bincike da yawa, kuma tsarinsa kusan ɗaya ne. A tsinko ganye ko a sassaƙo itace, a shanya a inuwa, a daka, a jiƙa da metanol, a tace, a ƙafar. A auna guba ta 'yan kwanaki, a raba ɓeraye rukuni-rukuni, a ba wasu ruwa, wasu imifiramin, wasu abin da aka tatso a ma'auni uku, a kai su kwalba. Ɗalibi ya samu digirinsa, malami ya samu maƙalar ƙarin girma, shekara mai zuwa a koma wani tsiron. Ba laifin ɗalibin ba ne, abin da ɗakin gwajin ke iyawa ke nan da kuɗin da yake da shi, kuma ya koyi aiki. Amma ga marar lafiya, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Tsarin yana da giɓi biyu da ba a cika magana a kansu ba. Na farko, abin da aka ba ɓeran ba shi ne abin da mai magani yake bayarwa ba. Metanol yana janyo sinadaran da ruwan zafi ba ya janyowa, kuma mai magani yakan haɗa itatuwa uku ko huɗu, ya dafa da kanwa ko ya tsima kwana da kwanaki. Tu Youyou kanta ta sha gazawa har sai da ta daina tafasa tsiron, bayan ta karanta wani littafin likitanci na ƙarni na 4 da ya ce a jiƙa shi a matse. Hanyar tatsa tana iya zama ita ce maganin. Ga kuma ƙasa da damina da lokacin tsinka, waɗanda ke canza ƙarfin ganye ɗaya daga wannan gari zuwa wancan. Giɓi na biyu ya fi zurfi. Sau da yawa hujjar zaɓen tsiro ita ce wani littafi, irin na J. M. Dalziel na 1937 a kan tsirran Afirka ta Yamma, ko wata hira da masu magani, ta ce ana amfani da shi don ciwon ƙwaƙwalwa. Wane ciwon? Farfaɗiya, ko hauka tuburan, ko iska, ko rashin barci, ko faɗuwar gaba, ko ɓacin zuciya bayan rashi? Mai magani ya bambance waɗannan a tsarinsa, maƙalar kuwa ta haɗa su a kwando ɗaya ta kira shi damuwa.

Wani zai ce da babu gara ba daɗi. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, inda zuwa Dawanau ko Barnawa ko Kware yake nufin kuɗin mota da kwana a hanya da tsoron abin da maƙwabta za su ce, ai ganyen da ke bayan gida rahama ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce fiye da kashi 75 cikin 100 na masu irin waɗannan ciwuka a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba sa samun magani ko kaɗan. Wannan hujja tana da nauyi, kuma ita ce dalilin da ya sa binciken ya cancanci a yi shi da gaske. Sai dai ciwon damuwa yana kisa. Matar da ta haihu ta daina cin abinci, ta daina kallon jaririnta, idan aka shafe wata uku ana ba ta tsimin da shaidarsa daƙiƙun ɓera ne, an cinye mata wata ukun da amitiriftilin mai arha, ko zama da ma'aikaciyar lafiyar da aka horar, za su iya amfanar ta. Lambar NAFDAC da ke jikin kwalbar ba ta cike wannan giɓi, domin rajistar farko da hukumar ke yi wa maganin gargajiya shaida ce ta cewa ba a ga cutarwa a gwajin da aka yi ba, shi ya sa ake wajabta rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Mai talla yana nuna lambar, ba ya karanta wannan layin.

Hanyar fita an taɓa bin ta a wannan yanki. Cibiyar NIPRD da ke Abuja ta karɓi wani haɗin gargajiya na ciwon sikila, mai ɗauke da masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta daidaita yadda ake haɗa shi, ta gwada shi a kan marasa lafiya tare da ƙwayar bogi, aka wallafa sakamakon a 2001. A Mali kuma masu bincike sun juya tsarin gaba ɗaya: suka fara da bin gidaje suna tambayar abin da aka sha don zazzaɓi da yadda aka ƙare, suka ware tsiron da masu shansa suka fi warkewa, Argemone mexicana, suka auna ma'auninsa a hannun mai maganin ƙauye, sannan suka kara shi da maganin asibiti a gwajin da aka wallafa a 2010. Ga ciwon da sai mai shi ya faɗa, wannan tsari ya fi dacewa nesa ba kusa ba, tunda mutane suna shan waɗannan itatuwa ko an bincika ko ba a bincika ba. Ɓera yana da aikinsa a ciki, kuma aiki ne babba: a ba shi haɗin wata uku a duba hantarsa da ƙodarsa, a gwada a kan mace mai ciki, a ga yadda yake yi da maganin maleriya da na ƙanjamau. Waɗannan tambayoyi ne da jikin dabba ke iya amsawa.

Kuɗin da asusun TETFund ke rabawa a kan ƙananan ayyuka masu yawa, da za a tara wani kaso nasa a kan tsiro biyu ko uku kacal, zai isa a yi abin da ya rage. A zauna da masu magani a tantance wane hali suke nufi, a auna marasa lafiyarsu da tambayoyin da aka fassara zuwa Hausa aka tabbatar da ingancinsu, a tsayar da haɗi ɗaya da ba ya canzawa daga buhu zuwa buhu. Sannan a yi gwajin aƙalla mako 8 a kan masu matsakaicin ciwo, ba likita ba marar lafiya da ya san wa ke shan me, a cire duk mai tunanin kashe kansa a kai shi ga likita a ranar. A yi wa gwajin rajista a bainar jama'a tun kafin a ɗauki mutum na farko, yadda ko tsiron ya gaza, sakamakon zai fito a karanta shi.